SADAKA BA TA WANKE ƘWACE

Akwai wata irin kyauta da ta yi yawa a ƙasar nan, wadda ya kamata a faɗi gaskiya a kanta, ko da gaskiyar za ta yi ɗaci. Ita ce kyautar mutumin da ke ƙwace da hannun hagu shekara guda cur, sa'an nan ran Juma'a ko cikin azumi ya miƙa ɗan kaɗan da hannun dama, a yi ta sa masa albarka. Da kaka ya saye geron manomi da arha, domin ya san akwai bashi a wuyan manomin, ya kai sito ya kulle. In damina ta yi nisa, abinci ya ƙare a gidaje, sai ya buɗe sito ya sayar wa manomin nan geronsa ninki biyu, ko kuwa ya ba shi buhu guda a kan ya biya biyu in an yi girbi. Da watan azumi ya kama, sai ya sa a tara matan manoman nan a ƙofar gidansa, a jera su cikin rana, a auna wa ko wacce mudu biyu, ana ɗaukar hoto, maroƙa na kirari. Geron da ake rabawa kuwa, in an bi diddigi, na mazajensu ne.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, da yawa cikin masu wannan hali ba su da zancen da ya wuce na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wannan ya ce kakansa almajirin Shehu ne, wancan ya ce kakansa ya riƙe tuta. Suna zuwa ziyara Hubbare, suna rantsuwa da darajar Mujaddadi. To, tun da yake su suka kawo Shehu shaida, sai a bar shaida ya yi magana. Shehu da ƙanensa da ɗansa ba su bar mutane cikin duhu ba game da wannan al'amari. Sun rubuta shi baƙi bisa fari, kuma babu inda ya fi dacewa a fara binciken abin da suka rubuta kamar Sifawa.

Abin da aka yi a Sifawa

Sifawa gari ne kudu da Sakkwato, kusa da Boɗinga, a kan hanyar da ta bi ta Shagari. Matafiyi yana iya wuce ta bai waiwaya ba, alhali kuwa nan Shehu ya zauna tun daga wajen 1810 har zuwa 1815. Mai karatu ya lura da waɗannan shekaru. An yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin 1804, an gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara, an sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa, sa'an nan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi cikin 1808. Watau sa'ad da Shehu ya sauka Sifawa, yaƙi mafi tsanani ya wuce, ƙasa ta shigo hannu, ganima ta samu. Lokacin da ko wane mai nasara ke gina fada ke nan, ya tara bayi da dawaki, ya shimfiɗa ƙafa.

Shehu bai yi haka ba. Cikin 1812 ya raba aikin tafiyar da ƙasa: yamma ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi, wanda ke zaune a Boɗinga a lokacin, gabas kuwa ya danƙa wa ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya kafa Sakkwato cikin 1809. Shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Ya kamata a dubi sunayen littattafan da ya rubuta a waɗannan shekaru: *Sirajul Ikhwani* da *Tanbihul Ikhwani* cikin 1811, *Najmul Ikhwani* cikin 1812, *Ta'alimul Ikhwani* cikin 1813. Kalmar da ke maimaituwa cikinsu, watau *ikhwani*, ma'anarta 'yan'uwa. Ga mutum ya ci ƙasashe, sarakuna sun yi masa mubaya'a tun daga Zamfara har Adamawa, amma in ya ɗauki alƙalami, sunan da yake kiran mutanensa da shi 'yan'uwa. Su kansu mabiyansa tun suna Ɗagel sunan da suke kiran kansu da shi Jama'a.

Wannan suna ba ado ba ne. Ɗan'uwa yana da hakki a kan ɗan'uwansa, hakki kuwa ba a yi wa mai shi gori in an ba shi. Bambancin da ke tsakanin sadakar da aka koyar a Sifawa da sadakar ƙofar gida da aka ambata a sama ke nan.

A fara da barin ƙwace

Wanda ya duba *Kitabul Farƙi*, littafin da Shehu ya rarrabe tsakanin mulkin adalci da mulkin zalunci a cikinsa, zai ga abin mamaki. Laifin da ya ɗora wa sarakunan Haɓe ba rowa ba ce. Sarakunan nan sun iya kyauta ƙwarai, suna ba da riguna da dawaki, makaɗa da maroƙa na ƙoshi a fadarsu. Abin da ya lissafa shi ne hanyoyin da dukiyar ke shigowa: jangali da kuɗin gari da aka ɗora wa mutane ba bisa Shari'a ba, gaisuwa, watau abin da talaka ke kai wa mai mulki kafin a saurare shi, ɗibar nama da kaya da ake yi wa masu kasuwa, kamen dabbobin mutane a yi wa sarki dako ba da izininsu ba, cinye dukiyar mamaci, da toshiyar da ake kai wa alƙali. A cikin littafin nan ne kuma ya kafa ginshiƙan mulki guda 5: kada a ba da mulki ga mai nemansa, a riƙa shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a yi kyautatawa. Mai karatu ya ga yadda aka jera su. Adalci ne a gaba, kyautatawa na biye. Tun cikin 1806 ma, a *Bayanu Wujubil Hijrati*, ya nuna cewa zalunci ya fi kafirci saurin rushe mulki.

Saboda haka matakin fari na taimakon talaka, a koyarwar Shehu, shi ne a cire hannu daga aljihunsa. Wanda ya tauye mudu a kasuwa, wanda ya haɗa gonar marayu da tasa don ubansu ya mutu da bashinsa na ƙwarya biyu, wanda ya karɓi na goro kafin ya sa hannu a takardar da aikinsa ne ya sa hannu a kanta, duk waɗannan ba sadaka ce ke kansu ba tukuna. Mayar da hakki ne ke kansu. Ko ƙaramin almajiri ya san ba a yin alwala da ruwan da najasa ta canja shi. Yaya za a ce dukiyar ƙwace ta zama tsarki don an gutsura an bai wa makaho?

Zakka bashi ce

Bayan an bar ƙwace, sai a zo ga bayarwa. A nan ma malaman Jama'a ba su ƙaga wani sabon abu ba, sun tsaya ne a kan abin da ke cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure har gobe, irin su *Risala* da *Askari*. Hatsi in ya kai wusuƙi 5, watau sa'i 300, ko kuwa mudun Annabi 1,200, zakka ta hau kansa: ɗaya cikin 10 in ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin 20 in da wahalar ban-ruwa aka shayar. Shanu in sun kai 30 a ba da maraƙi. Tumaki da awaki in sun kai 40 a ba da guda. Kuɗi in sun kai nisabi, sun shekara, a ba da ɗaya cikin 40. Waɗanda za a bai wa kuwa kashi 8 ne, an lissafa su a aya ta 60 cikin Suratut Tauba: fakirai, da miskinai, da ma'aikatan zakka, da waɗanda ake lallashin zukatansu, da 'yantar da bayi, da masu bashi a wuya, da tafarkin Allah, da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Maroƙi mai kalangu ba ya ciki. Ɗan koren mai gida ba ya ciki. Wanda ake neman ƙuri'arsa ba ya ciki, sai fa in talaucinsa ne ya shigar da shi.

Akwai kuma wani hukunci da masu hali suka iya mantawa da shi. A mazhabar Maliki, inda dukiya take, nan ake raba zakkarta, ba a kai ta wani wuri sai da dalili. Geron da aka nome a karkarar Boɗinga, da albasar da aka sayar aka tara kuɗinta a fadamun Shagari, matalautan wurin su suka fi cancanta da zakkarsu. Amma sau nawa ake kwashe ta a kai birni, a ba wani babban mutum ko malamin da ya fi mai bayarwar ƙiba, don a ga fuska? Gwauruwar da ke bayan dangar mai gonar kuwa ta kwana da 'ya'yanta a kan ruwan tafasa.

Tun da yake zakka rabo ne da aka yanka wa matalauci cikin dukiyar mawadaci, mai ba da ita biyan bashi yake yi. An taɓa ganin wanda ya biya bashi ya kira makaɗa? Ko sadakar ganin dama ma, Alƙur'ani ya yi kashedi a aya ta 264 cikin Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata ta. Tsayar da uwar wani cikin rana tun hantsi har azahar saboda mudu biyu, a nuna fuskarta ga duniya, in wannan ba cutarwa ba ne, to, mece ce cutarwa?

Masu cewa zamani ya canja

Da an kawo wannan magana, sai wani ya gyara rawani ya ce, ai su Shehu waliyyai ne, zamaninsu zamanin tsarki ne, wa zai iya irin nasu yau? Wannan magana tana kama da ladabi, amma hanyar gudu ce, kuma tarihi ya ƙaryata ta. Da zamaninsu na tsarki ne, da ba su wahalar da tawada ba. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda 'yan'uwansa na yaƙi suka juya ga neman sarauta da dukiya da ƙwarƙwarori da tufafin alfarma, abin ya ishe shi, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu *Liya'ul Hukkami* a kan yadda ake mulki bisa Shari'a, sa'an nan ya komo. Shi da kansa ya ba da wannan labari a *Tazyinul Waraƙati*, wanda ya kammala cikin 1813, zamanin da yayansa ke Sifawa.

Ashe kwaɗayin da ake kuka da shi yau, da shi aka kwana aka tashi a sansanin Jama'a. Bambanci guda ne: su sun kira shi da sunansa. Har ma tsakanin Shehu da Abdullahi an yi saɓani a rubuce a waɗannan shekaru, ɗaya na Sifawa ɗaya na Boɗinga. Abdullahi ya tsananta a kan kiɗa da tufafin ado da sunayen sarauta irin na dā, Shehu kuwa ya sassauta, ya ce abin da malamai suka yi saɓani a kansa kada a matsa wa jama'a. Amma duk wannan muhawara a kan tambari ce da alkyabba. A kan dukiyar talaka bakinsu ɗaya ne. Abin dariya, magadan yau sun riƙe sassaucin da aka yi a kan alkyabba da kyau, sun saki tsananin da aka yi a kan dukiyar talaka.

Masu cewa Allah ya yi mai shi da maras shi

Wani kuma ya ce, ai Allah ne ya raba arziki, ya ɗaukaka wani bisa wani, in babu mai karɓa wa za a bai wa? Rabin maganar gaskiya ne, kuma ba Musulmi kaɗai suka faɗe ta ba. Yana da kyau mai karatu ya ji labarin wasu mutane na nesa, don ya ga yadda ake fara magana da wannan gaskiya a ƙare da akasin abin da marowaci ke so.

A ƙasar Ingila an yi wasu Kiristoci da ake kira 'yan Furitan, watau masu neman a tsarkake addini daga ƙare-ƙare. Da sarki da manyan limaman coci suka matsa musu, sai wasunsu suka yi ƙaura suka haye teku zuwa Amurka. Cikin 1630 wani ayari na jiragen ruwa 11, ɗauke da mutum wajen 700, ya tashi ƙarƙashin wani lauya mai suna John Winthrop, su ne suka kafa birnin Boston. A lokacin tafiyar nan Winthrop ya rubuta wani wa'azi a kan ƙauna da taimako tsakanin masu bi. Da abin da marowaci ke faɗa ya fara: Allah ya yi wasu mawadata, wasu matalauta, haka abin zai kasance har abada. Amma da ya zo ga dalili sai ya ce an yi haka ne don ko wane mutum ya bukaci ɗan'uwansa, su ɗaure wuri guda kamar gaɓoɓin jiki. Daga nan ya fitar da dokoki: mai hali ya rage jin daɗinsa don biyan bukatar wani, in wanda ya zo neman rance ba shi da halin biya, a ba shi kyauta, in wa'adi ya cika mai bashi ba shi da komai, a yafe masa, in jama'a na cikin haɗari, a wuce abin da aka saba bayarwa. Ya kuma gargaɗe su cewa idon duniya na kansu kamar garin da aka gina bisa tudu, in suka ci amana za su zama abin misali na kunya. Ba su tsaya ga baki ba: cikin 1639 kotunsu ta ci wani babban attajirin Boston tara saboda ƙazamar riba, coci kuma ta tsawata masa.

Addininsu dabam, ƙasarsu dabam, shekara 180 ke tsakaninsu da zaman Sifawa, kuma babu wanda ya karanta wani. Duk da haka inda suka sauka guda ne: bambancin arziki nauyi ne da aka ɗora wa mai shi. Wanda ya kafa hujja da rabon Allah don ya riƙe hannunsa, ya karanta rabin shafi ne ya rufe littafi.

Ƙarshen wa'azin nan ma akwai darasi a cikinsa. Ya kwanta ba a buga shi ba sai cikin 1838. Daga baya shugabannin Amurka suka tsinci zancen garin da ke bisa tudu, Kennedy ya ambace shi cikin 1961, Reagan ya yi bankwana da shi cikin 1989, har ya zama kirarin ƙasa. Zancen yafe bashi kuwa da rage jin daɗi, ba safai ake jin sa a bakin kowa ba. Gargaɗi ya koma taƙama. Kafin mai karatu ya yi musu dariya, sai ya tuna laifi tudu ne. Abin da aka yi wa Winthrop a can, shi aka yi wa Shehu a nan: an riƙe sunan, an ajiye littafin.

Masu cewa su ma ba su cika ba

Akwai masu suka ta wani gefen, kuma maganarsu ta fi nauyi. Suka ce, waɗannan da ake yabo, ina jama'ar tasu ta tsaya? 'Yan Furitan da ke wa'azin ƙauna su ne suka kori waɗanda suka saɓa musu a ra'ayi, su ne kuma cikin 1637 suka taru da maƙwabtansu suka ƙone ƙauyen ƙabilar Fekwat, mutanen ƙasar na asali, suka sayar da wasu da suka tsira bayi. A nan gida kuwa, daular da aka kafa ta tara bayi masu ɗimbin yawa a rumada, gumin bawa ya cika rumbunan da aka fitar wa zakka. Ko cikin Jama'a ma ba a rasa mai kuka ba. Malam Abdussalami, Ba'are, wanda harin da aka kai wa mutanensa a Gimbana na cikin abubuwan da suka tayar da jihadi, ya ga ba a yi masa adalci ba wajen rabon ƙasa, ya rubuta wa Bello kokensa, ya yi tawaye a Kware cikin 1817, ya rasa ransa cikin 1818.

Duk wannan ya faru, ɓoye shi ba zai ƙara wa kowa daraja ba. 'Yan'uwantakar da aka rubuta tana da iyaka, kuma wanda ya faɗa bayan iyakar ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma me ya kamata a fitar daga nan? In magini ya kawo igiyar awo madaidaiciya, sa'an nan ya gina bango ya karkace, bangon za a gyara, ba igiyar za a jefar ba. Da ma da igiyar aka gane karkatar. Bauta ta wuce, doka ta hana ta. Aikin da ya rage shi ne a faɗaɗa da'irar har ta game wanda aka bari a waje dā: baƙo, da ɗan ci-rani, da jikan bawa, da maƙwabcin da ba addini ɗaya ake ba. Gazawar magabata ba ta zama lasisin magada ba.

Kyautar da ke tsayar da mutum

Saura abu guda, shi ne manufar bayarwa. Sadakar ƙofar gida tana son mabaraci ya komo gobe, domin in babu shi babu taro. Muhammadu Bello ya nufi wani waje dabam. A cikin *Usulus Siyasati*, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa cikin aikin shugaba ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya rarraba su garuruwa gwargwadon bukata, ya kwaɗaitar da mutane ga noma da tanadin abinci, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. A *Tanbihus Sahibi* kuwa ya yi bayanin falalar neman na kai da munin dogara ga roƙo. Masu tarihi sun ba da labari cewa shi kansa da abin da hannunsa ya nema yake ci, ba ya taɓa baitulmali, kamar yadda ake ba da labarin mahaifinsa yana tufka igiya.

'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bi wannan tafarki ta wajen mata. Ta naɗa jajjai, ko wacce da malfarta, suna jagorar matan ƙauyuka da ake kira 'Yan Taru su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Abin da suka riƙo mata na hatsi da zuma da ƙyalle ba ta tara shi ba, mabukata take rarraba wa. Ga sadaka da ilmi sun tafi tare, babu kuma wanda aka wulaƙanta.

Wannan tsari ya sami rauni tun kafin zuwan Turawa, zuwansu kuwa ya ƙarasa shi. Bayan sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, suka haɗe zakkar hatsi cikin haraji, jangalin da Shehu ya soka ya zama doka da rasiɗi. Wajen 1911 aka tsara ma'ajin En'e aka kira shi baitulmali, amma aikinsa biyan albashi da gine-gine, kason nan 8 ba su cikin lissafinsa. En'e ɗin ma ta tafi cikin 1976. Mutane suka daɗe suna biyan hukuma, har wasu suka ɗauka sun sauke farali. Daga baya Jihar Sakkwato ta kafa hukumar zakka da waƙafi, abin a yaba ne. Amma babu hukumar da za ta iya shiga rumbun kowa ta ƙirga damma, kuma babu wadda za ta iya halatta abin da aka tara ta hanyar haram.

Saboda haka gyara ya komo hannun mutanen gari. Da yawa cikin littattafan nan an buga su, an fassara wasu da Hausa. Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta wanda ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, shi da Jean Boyd sun wallafa littafi a kan shugabancin Shehu cikin 1978. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara, ya iya haɗa baƙi, ba shi da sauran hanzari, kuma ba a iya rufe shi da kirari. Ya nemi littattafan ya karanta, ya karanta wa na kusa da shi. In an zo girbi, ya fitar da dami guda cikin goma tun a gona, ya fara da mabukatan unguwarsu, ya kai musu da dare ba mai gani. In yana da hali, ya ba mutum abin da zai tsayar da shi, ko akuya ko garma ko jarin ƙuli-ƙuli, maimakon abin da zai maido shi gobe. Liman ya koyar da nisabi kamar yadda yake koyar da alwala, kuma kada ya yi shiru a kan buhu guda a biya biyu don mai ba da bashin ne ya shimfiɗa wa masallaci darduma. Masu unguwa da dattawa su san gidan da ba a ɗora tukunya ba tun kafin yaran gidan su fita da ƙoƙo.

Mai sito kuwa, wanda ke alfahari da kakansa ya riƙe tuta, ba a hana shi kyauta ba. Ya dai bi jerin da Shehu ya jera. Ya gyara mudunsa, ya mayar wa marayu gonarsu, ya yafe ribar da ya ɗora wa manomi, ya fitar da zakka cikakkiya a inda ya same ta. In ya gama wannan, abin da ya ƙara a kai shi ne sadaka, shi ne alherin da aka ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kyan ɗa ya gaji ubansa, gadon Sifawa kuwa shi ke nan.

Allah ya ba da ikon gyarawa, ya sa a yi don Shi. Amin.